Bargon Inna da Yadin Jibiya

Innata tana ɗinka bargo, amma ba irin na kanti ba. Ƙyallaye take tarawa, ta yanka su kamar faɗin tafin hannu, ta haɗa su da zare da allura har su zama shimfiɗa biyu, ta baza auduga a tsakaninsu, sannan ta bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta gudu ta taru a kusurwa. A gidan wani mushe, wato malamin boko, ɗan Dahome, wanda ya koyar a lakwal, makarantarmu ta Dakoro, kafin a sa ni, ta ga irinsa a kan igiyar shanya. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta dawo gida ta nemi almakashi.

A lokacin ƙyalle ba abin saye ba ne. Teloli har murna suke yi idan aka zo aka kwashe masu shi daga ƙarƙashin keke. Amma bayan an sami ƴancin kai yadi ya yi ta hawa, kowa ya fara ganin darajar abin da yake zubarwa. Wata rana ƙanwata ta je da ƙwarya kamar yadda ta saba, ta tarar tela ya kasa ƙyallayensa kashi-kashi a kan tabarma kamar mai sayar da gauta. Ta dawo da ƙwaryarta wayam. Babanmu ya daɗe yana dariya, ya ce, "To, ƙyalle ma ya sami nashi ƴancin."

Bargon da nake kwana da shi tun ina ƙarami na zamanin kyauta ne, kuma aibinsa ɗaya. Dakoro ƙaramin gari ne, kowa ya san tufafin kowa. Duk ranar da aka shanya shi sai mata su tsaya suna karatu. "Ga wandon ladan." "Wannan ai rigar sallar mai unguwa ce." "Kai, har da zanen matar mahauci!" Ni abin bai dame ni ba, tunda yana da ɗumi. Amma da sakamakon jarrabawa ya fito, aka ce na ci, zan tafi kwalej a Maraɗi in riƙa kwana can, sai wata maƙwabciyarmu ta ɗaga murya ta bayan darni ta ce, "Barka, barka! Ai ba shi yin kewar gida. Kowane dare rabin mutanen Dakoro na bisa gare shi."

Mata suka fashe da dariya. Inna ba ta yi ba.

Ni ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada, ba ragi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta yi mini magana kai tsaye sai dole, kuma ko dolen ta zo, bango take kallo. Idan tana son in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya ma wancan tuwo na hucewa," alhali na fi ƙanwar tawa kusa da ita. Ranar da aka kawo labarin jarrabawa tana daka, ko taɓarya ba ta tsayar ba. Sai dai man shanu ya yi wa miyar ranar yawa, har Baba ya tambaya ko baƙo muka yi. Ni kuma da ma ba mai magana ba ne, littafi ya fi mini mutane sauƙi. Da ba don ƙanwata ba, da ni da Inna sai mu shekara ba wanda ya san abin da ɗaya yake so.

Bayan maganar maƙwabciya, sai Inna ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya ma babanku, mai tahiya Maraɗi ba shi tahiya da wandon kowa. Sabon yadi nike so."

Baba ya je kanti ya tambayo. Ya dawo ya faɗi kuɗin metir ɗaya, sannan ya maimaita bayanin mai kanti: wai yadin daga Faransa yake tasowa, ya hau jirgin ruwa, ya sauka ya hau na ƙasa, ya sauka ya hau kamyo, wato babbar motar kaya, kuma kowanne sai ya ci nasa. Inna ta ce yadi ta tambaya, ba labarin tafiyarsa ba.

A nan Goggo ta shigo maganar. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu da daɗewa, kuma ita ke ciyar da kanta da fataucin zannuwa da turare. Tana yawan zuwa Ingilishi, wato yadda muke kiran Nijeriya a lokacin. Muryarta kan riga ta shiga gida. Da ta ji kuɗin sai ta dafe ƙirji.

"Metir ɗaya? Ɓarayin zaune! A Jibiya da wanga kuɗi sai ki lulluɓe ɗakinki da yadi, ki ba maƙwabta saura."

Inna tana da tunkiya guda, uda, gabanta baƙi bayanta fari. Jikar tunkiyar da mahaifiyarta ta ba ta ce ranar da aka kawo ta gidanmu, kuma ita kaɗai ta rage a zuriyar. Ranar kasuwa ta kwance ta, ta miƙa wa Baba igiya ba tare da ta dubi kowa ba. Da suka fita ta ɗauki tsintsiya ta share gindin turken, ta sake sharewa. Ni ina ɗaki riƙe da littafi, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Na yi lissafi a raina, na ga kuɗin mota zuwa Maraɗi, daga can zuwa Jibiya, da dawowa, zai cinye kusan duk rangwamen da ake nema. Na faɗa wa Baba a hankali. Ya ce, "Gaskiya ne. Je ka gaya ma goggonka." Ban je ba.

Ita ce ma ta zo ta same ni. "Kai ɗan lakwal, shirya, tare za mu. Ina son mai Faransanci saboda ƴan duwan."

Na ji daɗi ƙwarai. Duwan su ne masu tsare kan iyaka suna karɓar kuɗin fiton kaya, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Na zauna na tsara jimlolin da zan faɗa masu, gaisuwa, da bayanin cewa muna ɗauke da yadi kaza, na amfanin gida ne, ba na sayarwa ba. Na gyara su, na haddace, na riƙa gwada su a bayan gida inda ba mai ji. Abin da ya ɗan ba ni mamaki shi ne Goggo ta ce in aro babbar rigar Baba. Na ɗauka don in yi kwarjini ne.

Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna, irin zafin nan mai ɗanko da ba ya barin gumi ya bushe. Muka hau kamyo a kan ɗaurin fatu, muka bi ta Kornaka, motar tana kafewa cikin rairayi ana sauka ana turawa. Muka kwana a Maraɗi gidan wani ɗan'uwa, da safe muka kama hanyar Jibiya.

Ban taɓa ganin yadi mai yawa haka ba. Rumfa bayan rumfa, an jibge shi har rufi. A can da yadi ake awo, ba da metir ba, kuɗin kuma sule ne da kwabo, sai an fara canji. Inna ta yi saƙon launi huɗu: ja, kore, da rawaya na tsakiya, sai shuɗi mai yawa wanda za ta kewaye bargon da shi, ta ƙara masa tsawo. Shuɗin Goggo ta saya mai kyau, ta daɗe tana murza shi tana ja. Da ta ga yadda ya ci kuɗi sai ta ja ni can ƙarshen kasuwa, wurin wani mutum mai fara'a fiye da kima, wanda kayansa suka fi na kowa haske kuma suka fi na kowa araha.

Tsarin cinikin Goggo shi ne ta zagi abin da take so. "Wanga ja ne ko kunya ce yake ji? Dubi kore kamar miyar kuka ta kwana." Mai rumfa yana rantsuwa, tana tafiya, yana kiranta, tana dawowa. Ni ina gefe, na dafa jan da hannuna mai gumi. Da na ɗaga sai na ga yatsuna sun yi ja kamar na mai lalle.

Na ce, "Goggo."

"Mi ne ne?"

"Wannan jan, kamar yana..."

"Rufe mini baki, kana ɓata mini ciniki. Ko ya ga kana so ya ƙara kuɗi?"

Na rufe. Na goge hannuna a bayan wando.

Daga kasuwa muka shiga gidan wata ƙawarta. Goggo ta shige ɗaki da nata zannuwan na sayarwa, ta jima, ta fito ta ninka yadda ta shiga. Tana tafiya tana buɗe ƙafa kamar agwagwa. Ta dube ni ta ce, "Tuɓe riga."

Na tsaya ina kallonta.

"Kai, tuɓe mana! Ashe ba a koya maku komi a lakwal? Abin da ke cikin ƙunshi haja ne, duwan na cin kuɗinshi. Abin da ke jikin mutum tufa ne, ba ruwan kowa. Ni jikina ya cika. Saura naka."

Na ce ai na tanadi abin da zan gaya masu, cewa yadin na gida ne.

"Ka tanadi mi?" Ta juya wurin ƙawarta. "Ji mini yaro! Zai je ya kai kanshi ƙara da Faransanci. In ka buɗa baki, kuɗin da za su yanka mana sai mu gwammace kantin Dakoro. Tunkiyar uwarka kake so ta tahi a banza?"

Na tuɓe.

Suka fara da jan, a kan fata, daga hammata zuwa ƙugu. Ƙawar tana riƙe da baki ɗaya, Goggo tana zagaya ni tana ja tana tamkewa. Sai kore a kansa. Rawayan aka raba shi tsakanin ciki da cinyoyi. Aka zura mini rigar Baba a sama, aka naɗa mini shuɗin a ka, rawani ya yi girman masaki. Hannuwana suka ƙi sauka, suka tsaya a buɗe kamar na kazar da ke jin zafi. Ƙawar Goggo ta ja da baya ta dube ni, ta ce, "Alhaji, a dawo lahiya," ta faɗi a kan tabarma tana dariya.

Na tambayi Goggo, to Faransancin fa? Ta ce in adana shi, zai yi amfani a kwalej.

Motar komawa a cike take, kuma da na duba da kyau sai na ga mata da yawa ƙiba ta same su a Jibiya. Kowa ya san na kowa, ba mai cewa uffan. Aka cusa ni a kusurwa kusa da wani dattijo mai farar riga sabuwa fil, wadda aka buge ta tana sheƙi. Ya gaya mana za shi Maraɗi sunan jikansa na fari, kuma shi ake jira. Mutumin kirki ne. Da ya ga ina haki ya ce, "Jingina da ni, yaro, kada ka faɗi." Na jingina.

Rana ta take. Gumi ya fara tsattsafowa, sannan ya karye. Ina jin sa yana bin bayana, yana taruwa a ƙugu, yana neman hanya. Ƙaiƙayi ya tashi a inda hannu ba zai kai ba. Na rufe ido ina maimaita jimlolina na Faransanci don in manta da jikina.

A shingen duwan aka ce kowa ya sauko. Mata suka jeru suna numfashi sama-sama. Ɗan duwan ɗin, wani dogo mai kaki, yana bin layi da ɗan murmushi, da gani ka san ba yau ya fara ganin ƙibar Jibiya ba. Da ya iso kaina sai ya tsaya. Ya dubi wuyana, ya dubi cikina, ya sake duban wuyana.

"Wannan wane irin yaro ne? Wuya kamar na zabo, jiki kamar rumbu."

Goggo ta matso da sauri. "Ranka shi daɗe, masassara ce. Sanyi yake ji, shi ya sa na lulluɓe shi."

"Sanyi. A wannan rana."

"Haka nan ciwon yake, ranka shi daɗe."

Ya sa yatsa ya ja wuyan rigata don ya leƙa. Ban san abin da ya gani ba sai daga baya, amma na ga fuskarsa ta sauya. Ashe gumin ya narkar da rinin, ya bi da shi ko'ina. Wuyana da ƙirjina sun yi jawur, da dabbare-dabbare kore, da wasu wurare masu launin da ba shi da kyan gani a jikin mai rai. A daidai lokacin wani ɗigo ja ya gangaro daga hannun riga, ya bi yatsana, ya faɗi ƙasa tsakaninmu.

Ya saki rigar. Ya ga wani ɗan littafi da na taho da shi a hannuna, sai ya juya harshe zuwa Faransanci don kada Goggo ta sa baki. Ya tambaye ni ko ni ɗan lakwal ne. Na ce e. Ya ce tun yaushe nake jin haka? Na ce tun da muka baro Jibiya. Yana ƙaiƙayi? Na ce ƙwarai. Kaina yana juyawa? Na ce yana yi. Duk gaskiya na faɗa. Bai tambaye ni yadi ba, jimlata kuma tana nan a kan harshena a shirye, sai dai Goggo ta ɗora ƙafarta a kan tawa da dukan nauyinta da na hajarta.

A shekarun can mutane suna tsoron ciwon agana ba kaɗan ba. Ɗan duwan ya ja da baya, ya ciro hankici ya toshe hanci, ya goge yatsansa a jikin shinge. Ya daka wa direba tsawa ya kwashe mutanensa, kada ya tsaya ko'ina sai gidan likita a Maraɗi. Ko ƙunshi ɗaya ba a kwance ba.

Da farko murna aka yi. Mata suna hamdala ƙasa-ƙasa, wata ma ta ce wa Goggo Allah ya ba yaro lafiya, amma ba da gaggawa ba. Sai dai ba mu yi nisa ba na lura wuri ya buɗe a kewaye da ni, a motar da ɗazu ko allura ba ta da wurin faɗuwa. Wani ya ce, "Ni fa na ga wuyan yaron nan." Wata mai goyo ta juya wa ɗanta baya, ta fara salati. Wani ya ambaci sunan ciwon a fili. Nan take aka hau dukan kan mota ana ihu a tsaya.

Direba ya tsaya a gindin wani gawo, ya zagayo. Ya ce shi ba zai ɗauki annoba ya kai Maraɗi ba, mu sauka.

Goggo ta ce, "Wace annoba? Lahiyarshi lau, ya hi ka lahiya!"

"Ke da bakinki kika ce masassara."

"Duwan na gaya ma, ba kai ba!"

"To mu gani."

Ta waiwaya ta tabbata shinge ya ɓace, ta sauko da ni. Ta cire mini rawani, ta tuɓe mini riga, ta kamo bakin yadi ta ce, "Juya." Na fara juyawa a gaban mutanen mota guda, maza da mata, tana ja ina warwaruwa kamar mazari. Rawayan ya fito ba rawaya ba. Koren ya fito da jajayen gajimare. Jan kuwa ya ba kowa nasa har ya koɗe. Da aka gama na tsaya daga ni sai gajeren wando, siriri kamar karan dawa, jikina launi-launi.

Sai yaron mota ya ce, "Wallahi hawainiya ce!"

Dariyar da aka yi har direba sai da ya zauna a ƙasa. Mai goyon da ke salati ɗazu tana share hawaye. Ni na kafa ido a kan yatsun ƙafata, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Dattijon nan ya sauko a hankali, ya ɗaga hannunsa na dama yana duban gefen rigarsa. Daga kafaɗa har ƙasa, ga surata nan kwance, ja da kore, har da inda na ɗora kunci.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baiwar Allah, haka zan shiga taron suna? A ce kakan jariri ya faɗa marina?"

Goggo ta ba shi haƙuri, ta ce wanki ɗaya zai fitar. Ya nuna ni ya ce a fara wanke wannan ya gani. Ta ce ƙaddara ce. Ya ce ya yarda da ƙaddara, amma rigar da kuɗi ya ɗinka ta. Ko dai a ba shi abin da zai rage hasara, ko kuwa a juya mota a koma wurin duwan su raba mu. Da jin haka duk matan motar suka koma bayansa, kowace tana riƙe da ƙugunta, suna cewa Goggo ta sallami bawan Allah.

Kuɗi dai babu, duk sun zama haja. Wani ya ce ta ba shi zane ɗaya cikin nata. Goggo ta zaro ido. "In kwance a nan? Gaban maza? Kai za ka kare ni?" Ba wanda ya sake tayar da wannan. Dattijo kuwa ya riga ya ga abin da yake so. Shuɗin yana rataye a kafaɗar Goggo, shi kaɗai ne bai zuba ba, ba abin da ya taɓa shi. Ya ce zai yafa shi a kafaɗa ya rufe ɓarnar.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Goggo, na Inna ne."

Ta dube ni. A karo na farko tun da muka baro Dakoro ta yi magana a hankali. Ta ce, "Na sani."

Sannan ta juya ta shiga ciniki kamar za ta ci mutumin. Ta ce rabi, ya ce duka. Ta ce kafaɗarsa ba ta kai haka faɗi ba, ya ce ɓarnar ta kai. Ta kira shi baba, ta kira shi malam, ta yi wa jikansa addu'a, ta ce ko jaririn ba zai so a yi haka ba. A ƙarshe direba ya kawo wuƙa aka tsaga. Dattijo ya tafi da mafi yawa, mu muka tsira da wani tsiri mai kamar faɗin ɗankwali.

Mun iso Dakoro launina bai gama fita ba. Ƙanwata ta gan ni ta ruga ta kira ƙawayenta. Goggo ta zauna a tsakar gida ta ba da labari tun daga farko, ta mai da kanta jaruma, ta ce ba a taɓa wuce duwan da sauƙi irin na ranar ba. Baba ya ce araha ba ta ado, sannan ya ga fuskar Inna ya tuna yana da aiki a waje.

Inna ta shimfiɗa yadin a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana duba su. Ta ɗauki tsirin shuɗin ta auna shi da kamu, ta sake aunawa. Ta ce wa ƙanwata, "Ki kai ma wancan sabulu da soso. Ki ce a jiƙa da ruwan ɗumi."

Washegari ta wanke yadin da gishiri har ruwan ya daina sauya launi. Abin da ya rage ba ja ba ne, ba kore ba, wani abu ne tsakanin ƙasa da ganye, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske. Ta zauna ta yanka, tana ware masu kama da juna, tana jera su a ƙasa tana sauya masu wuri kamar mai dara. Tun safe take ɗinki har hasken rana ya gaza. Da ta haɗa sai abin ya yi kyau, irin kyan da ba wanda ya nufa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta darni ta daɗe tana nema, ba ta gane tufar kowa ba, ta koma.

Ana saura kaɗan in tafi aka gama. Goggo ta zo gani, ta sa aka shimfiɗa tabarma ta ce in kwanta a gwada. Na kwanta, ƙanwata ta lulluɓe ni. Ya rufe ni daga wuya zuwa ƙwauri. Ƙafafuna biyu suna waje suna kallon jama'a. Aka ja shi ƙasa, ƙirjina ya fito.

Goggo ta ce, "Abu mai sauƙi. Ɗauko tsohon bargon a yanko ƙasanshi a ƙara. Wa zai duba wajen ƙafa?"

Inna ta ce a'a.

Baba ya ce to bari ya je kanti ya karɓo ko rabin metir ne, in ya so a san yadda za a yi. Inna ta ce wannan ma a'a. Tunkiyarta ce ta sayi abin da ke nan, kuma iyakar inda tunkiyar ta kai ke nan.

Goggo ta ce, "To ƙafafun fa? A yanke su?"

Ina kwance ban motsa ba. Inna ta sunkuya ta kama gefen bargon, ta gyara shi a kafaɗata, ta danna shi da tafin hannu. Ban tuna ranar da hannunta ya taɓa ni kafin wannan ba. Ta miƙe da sauri, ta dubi bango, ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya mishi, ƙafa naɗe ta a kan yi."

Na naɗe. Ya rufe ni ruf.

Haka na yi shekarun kwalej a dunƙule kamar bushiya. Yaran ɗakinmu sun ɗauka tsoro ne, mai kula da mu ya taɓa tambayata ko ciwon ciki nake yi. Na ce a'a, haka na saba.